Rabon Sego

Hoto ɗari huɗu da goma sha ɗaya na ɗauki tsuntsun da muke kira sego a cikin mako uku, amma kusan babu ko ɗaya da mutum zai kalla ya ce ga tsuntsu. Akwai reshe. Akwai ganye. Akwai sararin sama fari fat da ɗan baƙin abu a gefe, wanda ni kaɗai na san bindi ne. A cikin guda goma sha biyu kuwa, kunnen yayan matata ne ya cinye rabin hoton.

Sunana Ajasi. Ina koyar da 'yan aji huɗu a ƙauyen su matata Asiyatu, a bakin kogin Lugenda. Shekarata goma sha tara ke nan a garin tun da aure ya kawo ni, amma har yanzu idan gardama ta yi zafi a majalisa sai wani ya tuna mini cewa ni baƙo ne. Ajina na rana ne, sai bayan azahar muke shiga, don haka safiya tawa ce. A cikinta nake yawo da wata tsohuwar kyamara da na saya a Lichinga, a hannun wani mai hoton biki da ya gaji da sana'ar.

Labarin gasar a kan dutsen bayan makaranta na gan shi, don nan ne kawai waya ke samun sabis. Gasa ce ta hotunan tsuntsayen daji, kowa a duniya yana iya shiga da hoto ɗaya. Na zauna ina duba na shekarun baya har batir ya mutu. Ga tsuntsaye a kan ƙanƙara, ga wasu kamar an tsoma su a tukunyar rini, ga mikiya da kifi a ƙafa. Ban ga sego ba. Tsuntsun da yake zuwa da kansa ya kira mutum, ya shige gaba, ya kai shi har kogon ƙudan zuma, a ce duk duniya babu wanda ya sa hotonsa? Washegari na rubuta a saman allo da manyan baƙaƙe cewa bana sego zai shiga gasa, na kuma hana a share. Da na san abin da ke gabana, da da ƙanana na rubuta.

Na je garin Mecula aka buga mini dokokin a takarda, na zauna da ƙamus na fassara su ɗaya bayan ɗaya. Ta bakwai na ja wa layi da jan biro. Ba a sa wa tsuntsu abinci don a jawo shi, ba a kunna masa kukan da aka naɗa, ba a kuma yin wani abu da zai sauya masa hali. Za a rufe karɓar hotuna ranar Juma'ar ƙarshe ta watan Oktoba, da ƙarfe sha biyun rana.

Che Mbwana, yayan Asiyatu, shi ne mai zuman unguwarmu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ƙudan zuma sun harbe shi har fatar hannunsa ta daina kumbura sosai. Yana da tsuntsunsa, namijin sego mai baƙin maƙogwaro da farin kunci, shi ya sa yake kiransa Dattijo. Ya ce shekara biyar ke nan suna aiki tare. Da na roƙe shi in riƙa bin sa, sai ya kalli takalmana na zuwa makaranta ya yi dariya, sannan ya ce in zo.

Kullum haka ake yi. Muna shiga daji Mbwana zai fara kira, "Brrr-hm! Brrr-hm!" Can sai a ji amsa daga sama, kamar ana girgiza kwalin ashana. Daga nan Dattijo ba ya zama. Kafin in ɗaga kyamara ya bar wannan bishiya, kafin in same shi a waccan ya wuce ta uku, ni kuma ina baya ina tuntuɓe, ƙudan tsando suna cin wuyana. Idan an iso wurin zuma sai ya yi shiru, ya shige cikin ganye, ba ka ƙara ganinsa. Mbwana ya haɗa hayaki, ya sa gatari, ya cika bokiti. Idan ya gama sai ya tsinko ɗanyen ganye ya shimfiɗa a ƙasa, ya zaɓo saƙar zuma mai 'ya'ya ya ɗora, ya ce, "Ga naka, Dattijo." Mu ja da baya. To a nan ne kawai tsuntsun yake saukowa ya zauna, a fili, cikin haske, kamar ango a gaban mai hoto.

Ranar farko Mbwana ya zungure ni da gwiwar hannu. "To, Malam, ga shi nan. Danna mana."

"Ba zai yiwu ba. Abinci aka sa masa."

"Wa ya sa masa abinci? Biyansa na yi."

"A wurinsu duk ɗaya ne, Yaya. Doka ta bakwai."

"Su waye su? Sun taɓa shan harbi?" Ya tofar da guntun kakin zuma. "Wato idan ma'aikaci ya zauna cin haƙƙinsa ba a ɗaukarsa hoto, sai yana gudu? Kai a makarantarku haka ake yi muku?"

Daga ranar ya raɗa mini suna Malam Bakwai. Kafin mako ya zagayo, har mai sayar da busasshen kifi a kasuwa da shi take kirana.

Ban yi ƙasa a gwiwa ba. Na hau dutse na rubuta wa masu gasar wasiƙa mai tsawo, cikin ladabi. Na bayyana musu cewa mutanenmu da sego sun fi kakannin kakanninmu daɗewa suna wannan ciniki, kuma cin saƙar da aka bar masa shi ne halinsa, ba sauyin hali ba. Na sa lamba a kowane sakin layi don kada su ruɗe. Kwana shida ina hawa dutsen nan ina dubawa. Da amsa ta zo, layi biyu ce. Sun gode da sha'awata, kuma in duba doka ta bakwai.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe Dattijo ya kai mu wata busasshiyar bishiya kusa da rafi. Zuma ta yi kyau. Mbwana ya shimfiɗa ganye, ya ɗora saƙa babba kamar tafin hannu biyu, sannan ya ɗauki bokiti ya gangara rafi wanke jiki. Ni na zauna a gindin wata kuka ina kallon saƙar nan. Saura kwana huɗu.

Tunanin da ya zo mini mai tsari ne, shi ya sa ya yaudare ni. Doka ta hana a sa abinci. To idan babu abincin fa? Tsuntsun zai sauko inda ya saba, ya tarar babu komai, ya ɗan tsaya yana dubawa. In ɗauke shi, in mayar masa da kayansa. Minti biyu, babu wanda aka cuta. Na tashi na naɗe saƙar a cikin takardar dokokin, na tura ta jakata, na koma na zauna.

Dattijo ya sauko. Bai sauka a ƙasa ba, ya tsaya a kan wani ƙaramin reshe da ke saman ganyen, tsakanina da shi bai fi taku shida ba. Ragowar hayaki tana tashi a bayansa, hasken safiya ya ratsa ta. Ya karkata kai ya dubi ganyen. Sannan ya juyo ya dube ni, ido cikin ido. Na danna sau uku.

Na duba bayan kyamarar. Kowane gashin kuncinsa ya fito. Ɗan rawayan da ke kafaɗarsa, wanda ban taɓa gani da idona ba, ga shi nan. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ina kallo ba. Da na ɗago, reshen babu kowa.

Sai na ji fito daga rafi, gajere, sau biyu. Mbwana ne, yana ɗaga mini hannu yana nuna gabas. Giwaye. Ba a tsayawa tambaya a irin wannan, na suri jaka na bi shi, muka yi ta sauri ba magana har muka fita kan hanyar gona. A nan na ji nauyin abin da ke jakata. Na buɗe baki zan faɗa, sai ya ce, "Yau Dattijo zai kwana da ƙoshi, ka ga abin da na bar masa?" Na rufe bakina.

Na ce gobe zan mayar. Talata muka fita da jakar a kafaɗata, amma Mbwana ya nufi arewa, kuma duk inda na tsaya idonsa yana kaina. Ya yi kira har muryarsa ta dushe. Babu amsa. Muka dawo da bokiti yana ƙara a hannunsa. Laraba ma haka, sai dai sau ɗaya mun ji kwalin ashanar can nesa, Mbwana ya tsaya cak, fuskarsa ta washe, sannan sautin ya yi gaba bai dawo ba.

"Ko shaho ya firgita shi ne," in ji shi a hanya. "Ko kuma wannan baƙin idon naka na ƙarfe ya ishe shi. Shekara biyar bai taɓa yi mini haka ba."

Na ce wataƙila zafi ne. Na ji kunyar kaina, amma na faɗa.

Da la'asar na dawo daga makaranta na tarar da Asiyatu a tsakar gida, jakata a buɗe a gabanta, Mbwana yana zaune a kan turmi. Layin tururuwa ta bi tun daga madafa har ƙusar da nake rataye jakar. Zafin kwana biyu ya narkar da saƙar, ta manne da takardar dokokin, ta yi tsami.

Asiyatu ta ɗaga ta da yatsa biyu. "Baban Lukiya, mene ne wannan?"

Na faɗa musu komai, daga farko har ƙarshe, yadda nake so ɗalibi ya faɗa mini idan ya fasa tulun aji. Na nuna musu hoton. Asiyatu ta daɗe tana kallo.

"Wayyo," ta ce. "Dubi yadda yake kallonka. Kamar ni ranar da ka manta da ni a tashar Marrupa."

Mbwana bai yi dariya ba. Ya karɓi kyamarar, ya kalla, ya miƙo mini. "Ka san abin da ake cewa yana yi wa wanda ya hana shi rabonsa?"

"Na sani, Yaya. Ya kai shi wurin zaki ko maciji. Amma wannan ai magana ce ta—"

"Ni ban ce gaskiya ba ce, ban ce ƙarya ba ce. Ni dai na san bokitina kwana biyu babu komai. Kuma ba kai ya ɗauka ɓarawo ba, ni ya ɗauka. Kai wa ya san ka a dajin nan? Shekara goma sha tara muna ba ka tuwon ugali a gidan nan, ashe abincin tsuntsu kake hari."

"Yaya, ka yi haƙuri."

"Ba ni za ka ba wa haƙuri ba. Gobe da asuba ka shirya. Kuma ka bar mini wannan takalmin a gida."

Alhamis muka koma busasshiyar bishiyar. Asiyatu ta fito da saƙar da Mbwana ya ba ta tun Litinin, wadda take ajiye wa mahaifiyarsu saboda tari, ta ɗora mini a faranti. Mbwana ya ce a hannu zan riƙe, ba a jaka ba, don kowa a dajin ya gani. Da muka isa ya sa na tsinko ganye da kaina, na shimfiɗa, na ɗora.

"To, kira shi."

"Ni?"

"A'a, kakata. Kira shi."

Na gyara murya. "Burr-hum."

"Innalillahi. Wannan ai babur ne ya ƙi tashi. Kaɗa harshen, Malam, ba karatun Fotugis ba ne."

Na yi ta yi har leɓena ya yi zafi. Sannan ya ce in gaya wa tsuntsun abin da na yi, da ƙarfi. Na tsaya a tsakiyar daji, ni da furfurata, na ce wa bishiyoyi ni ne na ɗauke, ba Che Mbwana ba, kuma na tuba. Muka koma gindin kuka muka zauna.

Rana ta ɗaga. Tururuwa suka gano saƙar, na tashi na kore su sau uku. Na duba agogo, na ga idan ban tashi ba yara za su shiga aji babu malami, abin da bai taɓa faruwa ba. Na ci gaba da zama. Wajen sha ɗaya da rabi, babu kira, babu komai, sai kawai ga Dattijo a kan ganyen.

Ya fi minti goma yana ci. Ya juya dama, ya juya hagu, ya buɗe bindinsa fararen gashin suka fito. Rana tana bayana daidai inda littattafai suka ce ta tsaya. Duk makonnin nan ban taɓa samun irin wannan ba, kuma kowane hoto da zan ɗauka a nan haramtacce ne a gasar. Kyamara tana cinyata, na ji kamar in yi kuka.

"Danna," in ji Mbwana a hankali.

"Ba za su karɓa ba."

"Wa ya ce don su? Ni nake so. Zan manna a ƙofar ɗakina."

Na ɗaukar masa guda biyu. Dattijo ya gama, ya goge baki a reshe, ya tashi abinsa. Na tambayi Mbwana ko an shirya ke nan. Ya ce shi ba malamin duba ba ne, gobe zai fita ya gani, kuma shi kaɗai.

Juma'a na hau dutse tun ƙarfe tara da waya cike da caji. Sabis ɗin ranar kamar mai jin barci. Na cika suna, na cika gari da ƙasa. Da aka zo wurin hoto na sa na ranar Litinin. Ba zan ɓoye ba, shi na sa. Na gaya wa kaina cewa an biya tsuntsu, an ba shi haƙuri, magana ta wuce. Kuma babu ko ƙwayar abinci a hoton, babu wanda zai taɓa sani. Minti arba'in da biyar yana shiga, ina riƙe da wayar sama kamar mai roƙon ruwa. Ya shiga.

Sai shafin ƙarshe ya buɗe, da ɗan akwatin da za a sa wa alama. A gefensa an sake rubuta doka ta bakwai. Ban sa abinci ba. Gaskiya ne. Ban kunna kukan da aka naɗa ba. Gaskiya ne. Yatsana yana kan akwatin. Amma shekara da shekaru ina ce wa yara kada su tsaya a waƙafi, su karanta jimla har aya, kuma bakina ya riga ya saba. Na karanta har aya. Ban yi wani abu da zai sauya masa hali ba.

Na sake buɗe hoton. Wannan kallon da ya sa hoton ya yi kyau, ni na sa shi a idonsa. Sego ba ya zama a reshe ya zuba wa mutum ido haka kawai.

Na yi tsaki da ƙarfi, abin da nake hana yara. Na zagaya dutsen sau biyu. Na ce wa kaina mutanen da suka amsa mini wasiƙa mai sakin layi tara da layi biyu ba su cancanci wannan wahalar ba. Ƙarfe goma da rabi ta wuce, caji ya koma ƙasa da rabi. Na zauna na cire hoton.

A cikin ɗari huɗu da sha ɗayan nan na zaɓi na ɗari biyu da takwas. Dattijo yana tashi, bindinsa a buɗe, kansa ya ɗan dushe. A gefen hagu ga kunnen Mbwana da bakin gatarinsa. Sau biyu sabis yana yankewa in sake daga farko. Sha biyu saura minti tara ya shiga, na sa alama, wayar ta mutu a hannuna kafin in ga ko sun ce sun gode.

Na sauko ana shirin masallaci. A bakin rijiya na haɗu da Mbwana yana alwala, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe, bokiti a gefensa an rufe da ganye, ƙudaje suna zagaya shi.

"Ya zo?" na tambaya.

"Ya zo. Sai da ya zagaya da ni dajin nan kaf kamar mai bin bashin gaba, sannan ya kai ni wadda ke saman dutse. Rabin bokiti." Ya watsa ruwa a fuska. "Kai fa? Ka aika na satar?"

"A'a."

"To wanne?"

"Mai kunnenka."

Ya tsaya da buta a hannu, ya dube ni da idon da ya rage. "Wato mako uku kana tsorata mini tsuntsu, ka sa na yi kwana biyu babu zuma, ka cinye maganin tarin tsohuwa, don duniya ta ga kunnena?"

"Bindinsa ma ya fito."

"Wanne kunnen ma? Na dama ko na hagu?"

"Na dama."

"Wanda ƙaya ta yaga. Allah ya isa, Malam Bakwai."

A watan Fabrairu aka fitar da sakamako. Na duba jerin sunayen sau uku, har ƙasa inda ake sa waɗanda aka yaba wa kawai. Wanda ya ci, wani tsuntsun ruwa ne a wata ƙasa mai sanyi, yana da kyau, ba zan ce ba shi da kyau ba. Na share rubutun saman allo da kaina, na gaya wa yara sego ya shiga kamar yadda na faɗa, bai dai ci ba. Na Mbwana na wanko masa a Mecula, yana nan manne a ƙofarsa, duk baƙon da ya zo sai an nuna masa.

Na ranar Litinin yana cikin kyamara har yanzu. Ban wanke shi ba, ban kuma iya goge shi ba. Wani lokaci ina gyaran littattafan yara sai in buɗe in kalla, kuma har yau ya fi na wanda ya ci gasar kyau.